Murhun Gas, Hita da Kayan Lantarki na Gida: Yadda Suke Aiki da Yadda Ake Gano Matsalarsu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. Bayyana hanyar da gas ke bi daga tukunya zuwa kan murhu.
2. Gane lafiyar murhu ko hita daga launin wuta, da wari, da ƙara.
3. Ɗaukar matakin da ya dace idan gas na yoyo, ko idan iskar ɗaki ta gurɓace.
4. Lissafa sauran gas ɗin da ke cikin tukunya, da nauyin da soket zai iya ɗauka.
5. Bambance gyaran da mai gida zai iya yi da kansa da wanda dole a bar wa mai gyara.

Gas ɗin girki

Gas ɗin da ake girki da shi haɗi ne na iskoki biyu, butan da furofan, waɗanda ake samu a matatun mai da wuraren tace iskar gas. A Najeriya kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas yana cikin manyan masu samar da shi, a Nijar kuma ana samun sa daga matatar SORAZ ta kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. Tukwanen da aka fi gani a gidaje su ne masu kilo 3, da kilo 6, da kilo 12.5.

A cikin tukunya gas ruwa ne. An matse shi ne da ƙarfi har ya zama ruwa, shi ya sa idan aka motsa tukunya ake jin abu yana kai da komo a ciki. Da zarar an buɗe masa hanya sai ya koma iska, kuma lita ɗaya ta ruwan gas takan zama kusan lita 250 ta iska. Ruwan yana kumbura idan ya ji zafi, don haka ba a cika tukunya fal. Ƙa'ida ita ce a tsaya a kusan kashi 80 cikin 100, a bar sarari a sama. Wanda ya matsa wa mai ɗura gas ya yi masa gyara a kan ma'auni, haɗari ya saya ya kai gida.

Halaye biyu na gas su ne tushen duk wata dokar tsaro da za ta zo a gaba. Na farko, ya fi iskar da ake shaƙa nauyi. Idan ya fita ba sama yake tashi ba kamar hayaƙi, ƙasa yake kwantawa, ya bi daɓe, ya taru a ƙarƙashin kantar kicin, da cikin kwata, da duk wani rami. Mutumin da ke tsaye zai iya jin warin kaɗan, alhali a ƙasa, inda yara ke rarrafe kuma ake shimfiɗa tabarma, gas ya riga ya cika. Na biyu, kaɗan ne ake buƙata kafin ya kama da wuta. Idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Asalin gas ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya ji yoyo tun kafin ya kai wannan mizani.

> Akwatin kalmomi
> Tukunyar gas: gwangwanin ƙarfe mai kauri da ake ɗura gas a ciki, wasu na ce mata silinda.
> Bawul: bakin tukunya, inda ake buɗe gas da rufe shi.
> Regileta: na'urar da ake ɗaurawa a kan bawul domin ta rage ƙarfin gas.
> Tiyo: robar da ke kai gas daga regileta zuwa murhu.
> Jet: ɗan ƙaramin ƙarfe mai siririyar kafa wanda gas ke fesowa ta cikinsa a ƙarƙashin kan murhu.

Hanyar gas daga tukunya zuwa wuta

Gas yana fitowa ta bawul da ƙarfin da murhu ba zai iya ɗauka ba. Regileta ce ke rage shi ya zama ɗan numfashi mai tafiya daidai wa daida. Daga nan ya bi tiyo, ya isa makunnin murhu, ya fito ta jet. Yayin da yake fesowa daga jet yana jan iska ta wata kafa da ke gefe, su gauraya, sannan su fito ta ƙananan hujojin kan murhu inda wuta ke kamawa. Duk matsalar murhu tana ɗaya daga cikin waɗannan wurare, kuma wanda ya riƙe jerinsu a ka ba zai yi ta kame-kame ba: tukunya, regileta, tiyo, makunni, jet, kan murhu.

Tukunya a tsaye take zama, a wuri mai iska, nesa da rana da murhun itace da janareta. Ba a kwantar da ita, ba a girgiza ta, ba a zuba mata ruwan zafi don a tatso sauran gas. Idan ta kwanta, ruwan gas ne zai shiga regileta maimakon iska, wuta kuma ta tashi fiye da yadda makunni zai iya riƙe ta. A kan hannun tukunya ko gindinta akwai rubutun shekarar da aka ƙera ta da nauyinta idan babu komai a ciki. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya ta sanya wa tukunyar gas wa'adin shekara 15. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta loɓa, ko aka yi mata walda, ba ta da sauran amfani ko da wa'adinta bai cika ba.

Tiyo shi ne wurin da aka fi yi wa sakaci. Tiyon ban ruwa da na zuƙo mai ba sa riƙe gas, dole ne a sayi wanda aka yi don gas. Kowane bakinsa a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe mai noti, ba da waya ko tsumma ko robar keke ba. Kada ya ratsa ta bayan oben ko ya taɓa gefen murhu mai zafi. Lokaci zuwa lokaci a lanƙwasa shi da hannu a duba. Idan ƙananan tsage sun bayyana a fatarsa, ko ya bushe ya yi tauri, ko ɓera ya ɗan gutsura, canji ne maganinsa, ba liƙi da salatif ba.

Ƙaramar tukunya mai murhu a kai, wadda ɗalibai da masu shayi da 'yan ɗaki ɗaya suka fi amfani da ita, tana da nata rauni. Wutar tana kusa da bawul, saboda haka idan aka ɗora faffaɗar tukunyar abinci zafin yakan dawo ƙasa ya gasa robar da ke bakin bawul. Wannan 'yar roba ita ce ke hana yoyo, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ya kamata a duba ta duk lokacin da aka kwance kan murhun za a je ɗuri.

Misali na 1: Saura nawa a tukunya?

Wata uwargida tana so ta san ko gas ɗinta zai kai ƙarshen wata. A hannun tukunyar an rubuta cewa nauyinta babu gas kilo 14 ne. Ta cire regileta, ta ɗora tukunyar a sikeli, ya nuna kilo 19.5. Ta ɗebe 14 daga 19.5, saura kilo 5.5, wannan shi ne gas ɗin da ke ciki. Ɗurin da ya wuce na kilo 12.5 ya yi mata kwana 50, wato kilo 0.25 ke nan a kullum. Idan aka raba 5.5 da 0.25 za a sami 22. Gas ɗin zai kai kwana 22 idan girki bai ƙaru ba. Irin wannan awo ne kuma ke nuna ko an cika ma'auni a wurin ɗuri: tukunyar da aka ce an zuba wa kilo 12.5 ya kamata ta nuna kilo 26.5.

Kunnawa, kashewa da karanta wuta

A murhun da ake kunnawa da ashana, wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. A buɗe regileta, a ƙyasta ashana, a kai ta bakin kan murhu, sannan a murɗa makunni. Idan wuta ba ta kama ba cikin daƙiƙu kaɗan, a rufe makunni, a bari iska ta kwashe abin da ya fita, sannan a sake. Wannan ya fi tsanani a oben, domin akwati ne rufaffe da gas ke taruwa a ciki, kuma fuskar mai kunnawa tana daidai da ƙofarsa. Bayan girki a rufe makunni, a rufe regileta, musamman da dare da lokacin fita unguwa.

Wasu murahun zamani da yawancin hitoci suna da ƙarfen tsaro, wani ɗan tsinke da ke tsaye a gefen wuta. Sai ya yi zafi yake barin gas ya ci gaba da zuwa, idan kuma wuta ta mutu ya huce, sai ya rufe hanya da kansa. Shi ya sa a irin wannan murhu ake danne makunni na daƙiƙa 10 zuwa 15 bayan wuta ta kama. Mutane da yawa sun kai murhu mai lafiya wurin gyara don kawai suna sakin makunni da wuri.

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana zaune daram a kan hujojinta, tsayinta ɗaya a duk zagaye. Idan ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tsawo tana rausaya, gindin tukunyar abinci kuma yana baƙi, to iska ba ta isa ba. Yawanci miya ce ko kunu ya zube ya toshe hujoji, ko yanar gizo ta shiga kafar iska. A bari murhu ya huce, a cire kan, a wanke da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, a shanya ya bushe sarai, a mayar da shi ya zauna daidai a mazauninsa. Ba a faɗaɗa kafar jet da allura ko ƙusa. Girman kafar nan a aune yake, wanda ya buɗa ta ya ƙara wa murhu shan gas da hayaƙi har abada. Akwai abin da ke rikita mutane a lokacin hunturu: ƙurar da ke cikin iska takan sa wuta ta riƙa ƙyallin ja-ja jifa-jifa. Muddin jikin wutar shuɗi ne kuma tukunyar abinci ba ta baƙi, wannan ba matsala ba ce.

Idan wuta tana tashi daga kan murhu tana huci, iska ta yi yawa ko regileta tana sakin gas da ƙarfi. Idan ta yi ƙasa a duk kawunan murhu lokaci ɗaya, a duba can baya: gas ya kusa ƙarewa, ko tiyo ya lanƙwashe, ko regileta ta gaji. Idan kai ɗaya ne kawai ke ci ƙasa-ƙasa, laifin na wannan kan ne ko jet ɗinsa. Regileta ba a kwance ta a gyara, sabuwa ake saye.

Misali na 2: Kai ɗaya ya ƙi kamawa

Wani mai shayi yana da murhu mai kai biyu. Da asuba na dama ya kama, na hagu ya ƙi. Tun da ɗaya yana ci, ya san tukunya da regileta da tiyo lafiya lau suke, babu dalilin taɓa su. Ya murɗa makunnin hagu ya kasa kunne, bai ji hucin gas ba. Ya rufe, ya ɗaga kan murhun, sai ga madarar da ta zube jiya ta bushe a kan jet. Ya goge da burushi, ya hura, ya mayar da kan, wuta ta kama shuɗiya. Da ya ji hucin gas amma tartsatsin makunni bai fito ba, da sai ya goge ɗan farin tangaran ɗin da tartsatsi ke fitowa daga shi, ya busar da shi, ko ya yi amfani da ashana kafin mai gyara ya zo.

Idan an ji warin gas

Wannan sashe ya kamata kowa a gida ya haddace shi, har yara da 'yan aiki. Idan an ji wari, kada a ƙyasta ashana ko laita. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, domin kowanne yana iya fitar da tartsatsi a ciki. Kada a kunna fanka da nufin korar warin. A rufe regileta, a buɗe ƙofofi da tagogi duka, a kashe duk wata wuta da ke kusa, har da garwashin turare, a fitar da mutane. Waya a waje ake bugawa. Idan an rufe regileta amma har yanzu ana jin huci daga bakin tukunya, a fitar da ita a tsaye zuwa fili, nesa da wuta da kwata, a kira mai gas.

Neman inda yoyo yake da ruwan sabulu ake yi. A kaɗa sabulu ya yi kumfa, a shafa da soso a bakin bawul, da wuyan regileta, da bakunan tiyo biyu, da tsawon tiyon, sannan a buɗe regileta alhali makunnan murhu suna rufe. Inda kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa, nan ne. Har yanzu akwai masu gwada yoyo da ashana, kuma babu wata gwaninta da ke sa wannan ya zama daidai. A yi gwajin sabulu duk lokacin da aka ɗauro sabon ɗuri.

Idan wuta ta kama tiyo kuma hannu zai iya kaiwa ga regileta ba tare da ƙuna ba, rufe ta shi ne kashe wutar. Idan mai ne ya kama a kasko, a kashe murhu, a rufe kaskon da murfi, kada a kuskura a zuba ruwa. Idan kuwa wuta ta lulluɓe tukunyar gas ɗin kanta, kowa ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta 'yan kashe gobara a Nijar kuma 18.

Hitar gas

Hitar gas iri biyu ce: mai ɗumama ɗaki da mai dafa ruwan wanka. Ba su yi yawa a ƙasar Hausa ba, amma ana samun su a wurare masu sanyi irin su Jos, kuma ɗalibai da 'yan ci-rani da ke Masar da Libiya da Aljeriya suna tarar da su a gidajen haya, sau da yawa ba tare da wani ya nuna musu yadda ake amfani da su ba.

Hitar ruwa da aka fi samu a irin waɗannan gidaje ba ta ajiye ruwan zafi. Idan aka buɗe famfo, ƙarfin ruwa yana tura wata roba a ciki, ita kuma ta buɗe hanyar gas, batir ya ba da tartsatsi, wuta ta kama a ƙarƙashin bututun jan ƙarfe da ruwa ke ratsawa. Da an rufe famfo wuta ta mutu. Sanin wannan jeri ya isa a gano yawancin matsalolinta. Idan an buɗe famfo ba a ji ƙas-ƙas ɗin tartsatsi ba, ko dai batir ya mutu, ko ruwan ba shi da ƙarfi saboda tanki ya yi ƙasa ko yashi ya toshe 'yar rariyar da ke mashigar ruwa. Idan ana jin ƙas-ƙas amma babu wuta, gas ne bai iso ba. Idan wuta tana kamawa tana mutuwa, ko ana ganin baƙi a jikin bango a saman hita, an wuce iyakar mai gida. A rufe gas a kira mai gyara.

Hitar ɗaki ta zamani tana da na'urar da ke kashe ta idan iskar oksijin ta ragu a ɗaki. Idan irin wannan hita tana yawan mutuwa da kanta, mai yiwuwa aikinta take yi, ɗakin ne ba shi da iska. Mai gyaran da ya ce zai cire na'urar ko ya ɗaure ƙarfen tsaro don hita ta daina damun mutane, kada a yarda da shi.

> Akwatin kalmomi
> Ƙarfen tsaro: tsinken da ke rufe gas da kansa idan wuta ta mutu.
> Oksijin: ɓangaren iska da mutum ke rayuwa da shi, wuta ma da shi take ci, kusan kashi 21 ne cikin 100 na iska.
> Kabon monoksaid: iska mai guba da ke fitowa idan gas ko gawayi ko fetur ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba.
> Bututun hayaƙi: bututun da ke fitar da ƙonanniyar iskar hita zuwa waje.

Gubar da ba a gani

Yoyon gas yana da wari, yana ba mutum damar gudu. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe shi yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Hita a rufaffen ɗaki tana cinye oksijin sannu a hankali, yayin da ya ragu wutarta ta lalace ta fara fitar da wannan guba. Abin da kaskon gawayi ke yi ke nan idan aka shigar da shi ɗaki a daren hunturu aka toshe ƙofa da taga, haka ma janaretan da aka kunna a soro ko a baranda kusa da tagar ɗakin kwana don tsoron ɓarayi. A Aljeriya hukumomi suna ba da labarin mutuwar mutane ta wannan hanya kowace shekara a lokacin sanyi, a Najeriya kuma an sha jin hayaƙin janareta ya hallaka mutanen gida ɗaya a dare ɗaya.

Alamominsa su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da ruɗewa. Saboda sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai mutum ya sha magani ya koma ya kwanta a ɗakin da ke kashe shi. Akwai abubuwa uku da ke bambanta su. Babu zafin jiki. Mutane da yawa a ɗaki ɗaya suna kamuwa lokaci guda. Kuma idan an fita waje ana jin sauƙi, idan an dawo ciwon ya dawo. Jarirai, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya sun fi saurin galabaita, mai barci kuma yana iya wucewa ba tare da ya farka ba.

Idan an yi zargin haka, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa zuwa fili, a kashe hita ko janareta, a tafi asibiti ko da mutum ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa likita abin da ke kunne a ɗakin. Maganinsa oksijin ne. Madara da manja ba sa fitar da shi daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki yana iya shaƙe shi.

Hitar ruwa ba a kafa ta a cikin banɗaki ko ɗakin kwana. Wurinta waje ne, ko wuri mai iska da bututun hayaƙi mai fita waje. Hitar ɗaki ba a kwana da ita a kunne, ba a shanya tufafi a kanta, kuma taga tana ɗan buɗe muddin tana ci. Murhun girki da oben ba abin ɗumama ɗaki ba ne. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan guba ta taru, gidan da ke da hitar gas ya cancanci ya mallake ta.

Kayan lantarki a taƙaice

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Kowace na'ura tana da lambar wat a jikinta, wadda ke nuna yawan wutar da take sha. Masu yin zafi, irin su dutsen guga da butar lantarki da hitar tsomawa a bokiti, su ne manyan masu sha. Idan na'ura ta ƙi aiki, a fara da abu mai sauƙi: a gwada wata na'urar a soket ɗin, a duba waya, a duba fis ɗin filogi. Fis ɗin da ya ƙone da irinsa ake canza shi, ba a naɗa masa waya. Idan sabon ma ya ƙone nan take, na'urar ce ke da matsala. Na'urar da jikinta ke jan mutum, ko take warin ƙonanniyar roba, a cire ta daga soket a daina amfani da ita har mai gyara ya gani.

Firji yana buƙatar sarari a bayansa domin zafi ya fita. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a jira kamar minti 5 kafin a kunna shi, don kada injinsa ya tashi a kan matsi. Idan ba ya sanyi sosai, a maƙala takarda a ƙofa a rufe. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ƙofa ta saki. Ƙanƙarar firiza ba a sassaƙe ta da wuƙa, domin bututun gas yana ƙarƙashinta, kuma gas ɗin da ke cikin yawancin sababbin firji yana kamawa da wuta.

Misali na 3: Soket ɗaya, na'ura biyu

Wayar jonawa mai ɗaukar amf 13 (amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) tana iya ɗaukar wat nawa? Ana ninka bolt da amf: 230 sau 13 ya ba da wat 2,990. Wani magidanci ya jona butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200 a kanta lokaci ɗaya. Jimilla wat 3,200, ya haura da wat 210. Aikin fis na ƙwarai shi ne ya ƙone idan nauyi ya yi yawa sosai. Idan an naɗe shi da waya, wayar jonawar ce za ta iya yin zafi har robarta ta narke. Sai ya dafa ruwa tukuna, sannan ya yi guga.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ba a cika tukunyar gas fal, kuma me ya sa ba a kwantar da ita?
2. A jero wurare shida da gas ke bi daga tukunya zuwa wuta.
3. Idan gas ya yi yoyo a kicin, a wane ɓangaren ɗakin yake taruwa? Mene ne dalili?
4. An shiga kicin da dare an ji warin gas, fitila a kashe take. Me za a yi, me kuma ba za a yi ba?
5. Yaya ake gwajin yoyo da ruwan sabulu?
6. Wutar murhu ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunyar abinci. Mene ne sanadi, kuma yaya ake gyarawa?
7. Nauyin tukunya babu gas kilo 8 ne, sikeli ya nuna kilo 11. Idan gidan na cin kilo 0.2 a kullum, kwana nawa gas ɗin zai kai?
8. An buɗe famfon hitar ruwa ba a ji ƙarar tartsatsi ba. A kawo dalilai biyu.
9. Waɗanne abubuwa uku ne ke bambanta gubar kabon monoksaid da zazzaɓin cizon sauro?
10. Za a iya jona hita mai wat 1,500 da dutsen guga mai wat 1,000 a wayar jonawa mai amf 13? A nuna lissafi.
11. A kawo gyara uku da mai gida zai iya yi da kansa, da uku da dole a bar wa mai gyara.